Hannu mai gaɓa huɗu da lambar −5

Duk wanda zai ɗauki KDL, laburaren lissafin motsin hannun mutum-mutumi, ya yi aiki da shi a manhajarsa, ba a cikin ROS ba (tarin manhajojin sarrafa mutum-mutumi), ya fara sanin abu ɗaya: CartToJnt, aikin da ke nemo kusurwoyin da za su kai hannu wurin da kake so, yana cika maka kusurwoyin gaɓɓai ko ya samo amsa ko bai samo ba. Shaidar gazawarsa tana cikin ƴar lambar da yake mayarwa ne kaɗai. Sai da sarbo, ƙaramin injin da ke juya gaɓa, ya ƙone mini kafin wannan ya bayyana, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Hannun mutum-mutumi ne ƙarami na haɗa don yaran da muke koya wa kwamfuta ranar Asabar a nan Damagaram. Gaɓa huɗu gare shi: gindi mai juyawa, kafaɗa, gwiwa da wuyan hannu, sai ƴar matsa a baki da za ta ɗauki kwalin ashana. Sarbo MG996R, allon PCA9685 mai ba sarbo umarni, da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi. Wani dattijo mai walda a unguwarmu ya yanka mini sanholon, ya huda shi daidai da zanena. ROS kuwa tun farko na ajiye shi gefe. Kuɗin data da za a sauke shi kaɗai ya isa hujja, kuma ina son abin da zai tashi da kansa in an ɗauke wuta an maido. KDL ya fito daga aikin Orocos da jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam ta jagoranta tun 2001, da C++ aka rubuta shi, a kan laburaren lissafi na Eigen yake tsaye. Na sauke liborocos-kdl-dev, shi ke nan.

Lissafin gaba, wato daga kusurwoyi zuwa inda bakin hannu zai tsaya, bai ba ni wahala ba. A kula dai: tsawo da mita, kusurwa da radiyan, kuma teburin Denavit da Hartenberg, inda ake rubuta ma'aunan gaɓɓai, iri biyu ne, na asali na 1955 yana shiga Frame::DH, gyararren na Craig yana shiga DH_Craig1989. Na auna da ma'auni, bakin ya tsaya inda allo ya ce.

Lissafin baya, wato daga wuri zuwa kusurwoyi, shi ne ya kwance mini lissafi. Misalin da na tsinta a intanet yana haɗa ChainIkSolverPos_NR, mai bin hanyar Newton ta gwadawa da gyarawa, da mai lissafin gudun gaɓɓai na pinv, ya kira CartToJnt, ya tura kusurwoyin zuwa ga gaɓɓai kai tsaye. Babu layi ko ɗaya da ke duba abin da aikin ya mayar. Na ba shi wurin da ke gaban hannun, wurin da ko yaro ya san zai kai. Kafaɗar ta fizge baya, ta daki ƙarfen gindi, ta tsaya tana gurnani. MG996R in ya cije yana jan wajen amfiya 2.5. Kafin in kai hannu in zare waya, warin ƙonewa ya cika ɗakin, bayan sarbon ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Dattijon nan da na kai masa ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Ɗana, ba ƙarfen ne ya gaza ba, abin da ba ya iyawa aka sa shi." Sai jiran mai zuwa Kano ya taho mini da wani, yara kuma suka yi Asabar ɗinsu ba hannu.

Da na buga lambar a allo, −5 ce: ya cinye zagayensa 100 bai cimma komai ba. KDL bai ɓoye ba, misalin ne ya jefar da maganarsa. To me ya hana shi samun amsa a wuri mai sauƙi haka? Frame ɗin da kake ba shi ba wuri ba ne kawai. Sharuɗɗa shida ne, uku na matsayi, uku na yadda bakin zai fuskanta. In ba ka faɗi fuskantar ba, yana ɗauka kana son ta yi daidai da ta gindi. Hannu mai gaɓa shida zai iya biya. Nawa huɗu gare shi, kamar a ba mutum jikka huɗu a ce ya biya bashin jikka shida. Sai hanyar Newton ta yi ta kai-komo, inda ta tsaya a zagaye na ƙarshe nan ta bar maka, ko da kusurwar ta wuce inda kafaɗa za ta iya lanƙwasa.

Wannan shi ne abu na biyu da ya ba ni haushi. Joint na KDL bai san iyaka ba sam. Masu ROS iyakokinsu suna rubuce a fayil ɗin URDF mai bayanin jikin inji, kuma MoveIt, manhajar tsara motsi, yana tace amsa kafin ta isa ga inji, shi ya sa masu rubuta misalai ba sa jin zafin abin. Kai da ka fito waje kai ne mai tacewa. Akwai ChainIkSolverPos_NR_JL da ke karɓar iyakokin ƙasa da na sama, q_min da q_max, amma shi ma sharuɗɗa shidan nan yake bi, −5 ɗin ya ci gaba da ba ni.

Abin da ya fisshe ni shi ne ChainIkSolverPos_LMA, domin yana barinka ka sa wa kowane sharaɗi nauyinsa. Na asali 1, 1, 1 ne ga matsayi, 0.01 ga fuskanta. Na mayar da ukun ƙarshe sifili, nan take ya fara mayar da 0, alamar nasara. Sai dai wuyan hannun ya zama sakaka, yana zuwa wa kwalin ta gefe. Daga baya na daina roƙonsa abin da hannun ba shi da shi: na lissafa juyin gindi da atan2, mai ba da kusurwa daga y da x na wurin kwalin, na gina fuskantar da wannan juyin, baki yana kallon ƙasa. Sharuɗɗan suka daina karo da juna, ya ɗauki ashana cak. Ranar na yi murna ƙwarai.

LMA ma bai san iyaka ba. Saboda haka yanzu tsakanin KDL da PCA9685 akwai ƙofa ɗaya tak a manhajata: in lambar ta yi ƙasa da sifili, ba motsi, in kusurwa ta fita iyakar da na auna a jikin ƙarfen, ba motsi, sannan in sake mayar da amsar cikin lissafin gaba in ga ko ta faɗi kusa da inda na nema. Kullum kuma daga kusurwoyin da hannun yake kai a lokacin nake fara nema, don kada gwiwa ta juye ta ɗaya ɓarin. In an nemi wurin da ya fi tsawon hannun, −100 ko −101 suna fitowa, yaran sun riga sun san ma'anarsu: a matso da kwalin. Duk sabon gwaji, wayar wutar sarbo a zare take har sai na karanta kusurwoyin nan huɗu da idona.