Hannun Hurrem yana rawa

Aikina fassara fina-finai masu dogon zango zuwa Hausa: ni nake rubuta maganar, wasu su ɗora murya. Da aka kawo mana wani shiri kan fadar sarakunan Turkiyya na da, tun kashi na farko na yanke wa Hurrem, matar Sarki Sulaiman, hukunci. Makira ce, kishiyar da ba ta son zaman lafiya. Duk inda ta buɗe baki sai in cusa mata habaici da baƙar magana.

Wadda take ɗora muryarta ce ta taka mini burki. Ta zare abin sauraro daga kunne ta ce, "Malam, dubi hannunta, rawa yake yi. Mai gadara ba ta damƙe bakin mayafi haka." Sau uku muka maimaita wurin. Gaskiyarta.

Sai na koma karatu. Ashe dokar Sarki Muhammadu na Biyu, wanda ya ci Istanbul a 1453, ta yarje wa duk wanda ya hau karaga ya kashe 'yan'uwansa maza don kada ƙasa ta tsage. Ba barazanar baka ba ce: a 1595 Muhammadu na Uku ya sa aka shaƙe ƙannensa 19. Ke nan uwar da ɗan kishiyarta ya gaji sarauta, likkafanin 'ya'yanta take jira. Ita kuwa Hurrem baiwa ce da aka kamo daga yankin Yukren ta yau, ba uwa ba uba, ba dangin da za su tsaya mata. Da wayonta kaɗai ta kai Sarki Sulaiman ya 'yanta ta ya aure ta. Tsoro na yi ta fassarawa a matsayin mugunta, kuma har yau abin yana damuna.

Wannan bai wanke ta ba. An shaƙe Mustafa, ɗan kishiyarta Mahidevran, a 1553, kuma da yawa suna ganin da hannunta.

Mahidevran ɗin ce ma ta fi tsaya mini a rai. Ta koma Bursa inda aka binne ɗanta, ta sha talauci da bashi, ta ga bayan Hurrem da Sulaiman duka, ta gina wa ɗanta hubbare. Da muka zo inda ake kawo mata labarin mutuwarsa, na riga na rubuta mata dogon kuka mai cike da tsinuwa. Na goge shi. Na bar mata salati ɗaya, na roƙi mai muryar ta faɗe shi ƙasa-ƙasa.