Sarki biyu da soja ɗaya

Takardar canjin wurin aiki ta fito, bayan hutu Gure zan nufa. Jiya na kwashe allunan eshek shida daga ajin da muke haɗuwa ranar Laraba da yamma. Na ƙirga sojoji, biyu babu, tun bara murfin kwalbar lemo ke tsaya musu.

Shekara uku ina riƙe da kulob ɗin, biyun farko na ƙarar da su wajen koya wa yara buɗe wasa. Sisiliyan, Ruy Lopez, motsi goma-goma a ka kamar hadda. In faɗi gaskiya, daɗin sunayen nake ji a bakina, balle in sauran malamai na kusa.

Asirina ya tonu ne a wata gasa tsakanin makarantun gari. Gwanarmu, wata yarinya ƴar Birni, ta buɗe wasan ƙarshe tsaf, har ina hura hanci a bayan kujerarta. Da aka daɗe ana gwabzawa, allo ya koma kowa da tur ɗaya (wanda ke tafiya a miƙe, gaba ko gefe), ita soja ɗaya, abokin karawarta biyu. Kunnen doki ya ishe ta ɗaukar kofi, kuma in ta bar tur ɗinta yana yawo, kunnen dokin ne. Sai ta miƙa shi a yi musaya. Yaron ya karɓa hannu biyu, sarkinsa ya shige gaban sojojinsa, nata ya yi ta ja da baya har soja ya zama sarauniya.

Ba ta yi kuka ba. Ta zo ta tsaya gabana ta ce, "Mushe, ba ka taɓa nuna mana abin da ake yi in an kai nan ba."

Ba a jima ba, ranar 12 ga Disamba 2024, ina fada ana shayi ina bin wasa na 14 na gasar zakaran duniya tsakanin mai riƙe da kambun, Ding Liren, da Gukesh a Singafo ta salula. Kowa ya sallama kunnen doki ne. A motsi na 55 Ding ya miƙa tur, ya manta fu ɗinsa (mai tafiya a karkace) na maƙale a kusurwa, dole shi ma a yi musayarsa. Aka bar shi da soja ɗaya, Gukesh da biyu. Yaro ɗan shekara 18 ya zama zakaran duniya da maki 7.5 da 6.5. Washegari na ruga na nuna mata, wai in sanyaya mata zuciya, ga zakara ma ya yi irin nata. Ta ce, "Shi ya sani ya manta ne, Mushe."

Daga nan na share allo. Sarki biyu da soja ɗaya, shi muka yi ta juyawa wata guda: sarki ya tsaya gaban sarki da gida ɗaya tsakani, wanda motsi ya faɗa wa shi ke ba da hanya. Kafin kowace musaya a ƙirga abin da zai rage. Tsofaffin da ke dara a gindin bedi ba sa ci sai sun duba abin da cin zai buɗe, kullum ina wuce su a kan moto.

Sauran kaɗan ne. A rubuta kowane wasa, a nemo kuskure da kai kafin a tambayi Stockfish, manhajar da ke nazarin wasa. Lichess, shafin wasan eshek a intanet, kyauta ne, matsala biyar a rana ta fi wasan minti ɗaya hamsin da tsakar dare.

Bana mun ɗauko kofin. Shugaban makaranta, wanda ya taɓa kiran abin caca ya hana mu kuɗin agogo, shi ya riƙe shi a hoto, yana ofishinsa yanzu. Ya aiko a kai allunan magazan. Na ce sun riga sun tafi Birni, suna zauren gidan su yarinyar.