Kada ka fasa ƙwai kafin jama'a su kalla

A unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi ba rana ɗaya ake kallon shiri mai dogon zango ba. Mai data yana bin sabon kashi da zafinsa. Wani sai ya jira bandul ɗin tsakar dare ya sauke, mai sayar da waakye (shinkafa da wake) kuma sai ranar da ta samu sarari. Ga agogo: Najeriya tana gaban Gana da awa ɗaya, abin da Arewa24 ta saka ƙarfe takwas a Kano, bakwai ne a Kumasi, wasu ba su ma baro kasuwar Kejetia ba. A wannan tazarar ake fasa wa mutane ƙwai, a gaya musu wanda ya mutu da wadda aka aura. Wanda ya yi wata shida yana bin labari, an raba shi da daɗin kallonsa cikin layi ɗaya, kuma wannan ba ƙaramar cuta ba ce.

Dandalin X (tsohon Twitter) yana bari ka toshe kalma na awa 24, kwana 7, kwana 30 ko har abada, TikTok ma yana da matatar kalmomi. Sai dai haruffa matatar take dubawa, ba ma'ana ba, mu kuwa kowa da irin rubutunsa. Ka toshe Khadija, wani ya rubuta Kadija, wata ta rubuta Hadiza. Ka toshe “ƙarshe”, sai ga “karshe” da “qarshe” sun wuce lafiya. Saboda haka kowane suna ka shigar da shi ta fuska uku ko huɗu, da ƙugiya da babu ƙugiya, ka haɗa da sunan shirin da na 'yan wasan. Amma kada ka toshe “rasu” ko “mutu”. Sanarwar rasuwa ta gaskiya za ta wuce ka, a yi jana'iza a unguwa ba ka sani ba.

A YouTube kada ka rubuta sunan shirin a wurin bincike, hotuna da kanun kashin gaba ne za su fara tarbar ka. Shiga tashar kai tsaye ka buɗe jerin. Finafinan Indiya da ake fassarawa zuwa Twi sun fi haɗari, domin na asali ya daɗe da yin nisa.

WhatsApp ne babbar kafa, don ba shi da matata. Ka rufe ƙarar guruf na awa 8 ko mako guda, ka hana rubutun saƙo fitowa a fuskar waya, ka kashe saukar hotuna da kansu. Saƙon murya kuwa, idan an jero su, kana taɓa na farko sauran za su biyo baya. Admin yana iya goge saƙo ga kowa, amma wanda ya riga ya gani ya gani.

Nauyin dai yana kan wanda ya riga kallo. Layin farko ka sa sunan shirin da lambar kashin, ka sauka layi goma da ɗige-ɗige, sannan ka yi maganarka. A Telegram, tun ƙarshen 2021, ana zaɓar rubutu a lulluɓe shi, ba ya buɗewa sai an taɓa. “Ba zan faɗa ba, amma ku tanadi hankici” shi ma fasa ƙwai ne. Haka hoton jaruma da alamar kuka a status, kowa ya gane. Shirin mako-mako, a ganina a ba mutane kwana uku, har mai jiran bandul da wanda dumsor (ɗaukewar wuta) ya kashe wa waya su cim ma sauran.