Yadda na zaɓi kayan ƙaramar kwamfutar tebur da kuɗi kaɗan

Abin da nake nema ba shi da wuyar faɗa: kwamfutar da za ta zauna a gefen tebur ba tare da ta cinye wurin ba, in yi rubutu da lissafi a kanta, in buɗe shafukan intanet da yawa a lokaci guda, in gyara hotuna, wani lokaci kuma in taɓa wasan da ba shi da nauyi. Kuɗin da na ware mata ba su taka kara sun karya ba. Da na zauna zaɓen kaya sai na ga cewa ƙanƙanta da araha ba sa ga maciji da juna. A harkar kwamfuta, kusan duk abin da aka matse ya zama ƙarami, tsadarsa hawa take yi. Don haka a kan kowane kaya tambaya ɗaya na riƙa yi wa kaina: nan zan yarda in biya kuɗin ƙanƙanta, ko nan zan ƙi?

Yawancin masu haɗa kwamfuta da furosesa suke farawa, domin ita ce ake kira ƙwaƙwalwa. Ni da akwatin na fara, kuma har yau ina ganin haka ya dace ga mai son ƙarama. Babban akwati yana karɓar duk abin da ka kawo masa, ƙarami kuwa sharaɗi yake gindaya maka. A takardar bayanin kowane akwati akwai abubuwa uku da na kwafe a takarda na ajiye a gabana: iyakar tsayin na'urar sanyaya furosesa, iyakar tsawon katin hoto, wato katin da ke sarrafa abin da sikirin ke nunawa, da irin na'urar rarraba wutar da yake ɗauka. Duk kayan da na duba bayan nan, sai na gwada shi da waɗannan lambobi kafin ma in kalli ƙarfinsa. Da lita ake auna girman akwati, kuma masu sha'awar wannan fanni sukan kira wanda bai kai lita 20 ba ƙarami. Nawa yana ƙasa da haka sosai.

Akwatin ne ya zaɓa mini madabod, wato babban allon da ake ɗora sauran kayan a kai. Ƙaramin da ake kira Mini-ITX, wanda kamfanin VIA ya fito da tsarinsa a 2001, milimita 170 ne ta kowane gefe. Na sama da shi, microATX, yana kaiwa milimita 244. Bambancin bai tsaya a girma ba. Mini-ITX gurbi biyu yake da shi a mafi yawan lokuta na RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, da gurbin kati guda ɗaya tal, amma duk da haka ya fi microATX mai irin ƙarfinsa tsada, saboda cusa komai a ɗan wannan fili aiki ne, kuma masu sayensa ba su da yawa. Gaskiyar da zan gaya wa duk wanda ya tambaye ni ita ce, idan teburinka zai ɗauki akwati ɗan matsakaici, ka sayi microATX ka huta, ragowar kuɗin ka zuba su a RAM. Ni wurin ne bai ba ni dama ba. Abin da na dage a kai kawai shi ne madabod ɗin ya zo da Wi-Fi a jikinsa, don kada in ɓata gurbin nan guda ɗaya da katin intanet.

Inda na rage kashe kuɗi mafi yawa shi ne katin hoto: ban saya ba kwata-kwata. A ƙaramin akwati shi ne ya fi komai cin wuri, ya fi komai zafi, ya fi komai shan wuta, sau da yawa kuma ya fi komai tsada. Maimakonsa na ɗauki furosesar da ke da sashen hoto a cikinta, Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2021, mai cibiya 6, an ƙiyasta zafinta a kan wat 65. A nan akwai tarkon da ya kamata mai saye ya sani. Ba kowace furosesa ce ke iya nuna hoto ita kaɗai ba. Ta Intel da sunanta ya ƙare da harafin F, kamar Core i3-12100F, ba ta da sashen hoto, haka ma Ryzen 5 5600 wadda babu G a ƙarshenta. Sun ɗan fi araha, amma idan ka haɗa su ba kati, fanka za ta juya, fitila ta kama, sikirin kuwa ya tsaya baƙi ƙirin, duk da ramukan HDMI da kake gani a bayan madabod.

Zaɓin nan yana da abin da ya rage mini, kuma na sani tun kafin in saya. Mazaunin AM4 da wannan furosesa take hawa tun 2016 yake, an kuma fito da magajinsa AM5 a 2022, wanda sabon nau'in RAM na DDR5 kaɗai yake karɓa. Wato na hau hanyar da ta kusa ƙarewa. Ita kanta 5600G a PCIe 3.0 ta tsaya, wato tsohon tsarin hanyar da take musayar bayanai da kati da ma'ajiya. Na auna, na ga cewa ga aikina babu ɗaya daga cikin waɗannan da zan ji a jikina, alhali bambancin kuɗi zan ji shi nan take. Iya kuɗinka, iya shagalinka. Abu ɗaya da na tabbatar kafin biya shi ne cewa BIOS ɗin madabod, wato manhajar da ke jikinsa wadda ke tayar da kwamfuta, ya san wannan furosesa, domin allunan AM4 da aka ƙera kafin fitowarta sai an sabunta su tukuna. Wasu suna da maɓallin sabuntawa da filas ko da ba a ɗora furosesa ba, kuma irin wannan na nema.

RAM ne wurin da na fi ɗaukar darasi. Sashen hoton da ke cikin furosesa ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM ɗin kwamfuta yake ɗiba. Saboda haka saurin RAM ya zama saurin hoto. Sanda ɗaya ta DDR4-3200 tana iya wuce da gigabait 25.6 a daƙiƙa. Ka sa biyu su yi aiki tare, hanyar ta ninka zuwa 51.2. Ke nan sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 amfani, duk da jimillarsu ɗaya ce. Na cire ɗaya don in gani da idona, kuma wasan da yake tafiya sumul ya fara tsattsayawa. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Da na fara kunna kwamfutar na shiga BIOS, a kusurwar sikirin an rubuta 2133, alhali a kwalin RAM ɗin 3200 ne. Ba lalacewa ba ce. Haka yake tashi sai ka kunna tsarin XMP mai sa RAM ya yi cikakken saurinsa, wanda wasu allunan ke kira DOCP. Danna ɗaya ne, na ajiye, na sake kunnawa, lambar ta koma yadda aka sayar mini. Sannan na zaɓi sanduna gajeru marasa dogon ƙarfen ado a kai, domin a Mini-ITX gurbin RAM yana manne da furosesa, doguwar sanda tana iya tokare na'urar sanyaya.

A na'urar rarraba wuta kuwa ban nemi rangwame ba, kuma a nan ne nake roƙon kowa kada ya yi wasa. Ita ce ke ciyar da duk sauran kayan, idan ta yi tsiya tana iya tafiya da su. Akwatina ƙaramar da ake kira SFX yake ɗauka, mai faɗin milimita 125, ba irin ta ATX mai 150 ba, kuma SFX ta fi tsada. Na biya. Kwamfutar da babu katin hoto da wuya ta ja wat 150, don haka ban bi manyan lambobi ba, na ɗauki mai wat 450 daga kamfanin da ya ba da garanti mai tsawo. Tambarin 80 Plus da ake liƙa musu, wanda aka soma a 2004, yana nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da na'urar ta sha yana isa ga kayan, saura ya zama zafi. Wannan yana da muhimmanci a matsattsen akwati, amma shaidar tattalin wuta ce kawai, ba shaidar ingancin abin da ke ciki ba. Tsawon garanti da gwajin masu buɗe na'urar su auna sun fi gaya mini gaskiya. Na kuma so wadda wayoyinta ake cirewa, saboda duk wayar da ba ta da aiki a ƙaramin akwati, hanyar iska take tarewa.

Ma'ajiya ba ta ɗauke ni lokaci ba. SSD, ma'ajiyar da ke riƙe fayiloli, irin na NVMe mai girman 2280, wato faɗi milimita 22 da tsawo 80, yana kwanciya a jikin madabod da noti ɗaya, ba waya ko ɗaya. Tsohon nau'in SSD da ake kira SATA yana tsayawa wajen megabait 550 a daƙiƙa, wannan kuwa yana haura 3,000, kuma tsadarsu ta yi kusa da juna.

Na'urar sanyaya da ta zo a kwalin furosesa ta ɗan haura milimita 50, akwatina kuma ya ɗauke ta, sai na bar ta. Akwai akwatunan da suka fi nawa siranta, waɗanda sai an nemo musu gajera irin Noctua NH-L9a mai milimita 37, kuma wannan ƙarin kuɗi ne da ya kamata a lissafa tun ranar zaɓen akwati.

Wajen haɗawa, na fara jera komai a waje, madabod a kan kwalinsa, na ɗora furosesa da RAM da SSD, na jona wuta da sikirin, na ga hoto ya fito kafin in ɗaura noti ko ɗaya. A babban akwati ana iya tsallake wannan, a ƙarami kuwa cire abu ɗaya yakan sa ka kwance rabin aikin. Wayar wutar furosesa mai ƙafa 8 tana can kusurwar sama, inda yatsa ba ya shiga da zarar allon ya zauna, don haka na soka ta tun yana hannuna. Haka na yi da siraran wayoyin maɓallin kunnawa, ina duba zanen da ke littafin madabod ɗaya bayan ɗaya. Na'urar wuta ce ta shiga a ƙarshe, na ɗaure wayoyinta a gefe guda don iska ta sami hanya daga ramukan gefe zuwa fankar furosesa.

Bayan na rufe, na bar ta tana aiki mai nauyi ina kallon ma'aunin zafi, sannan na shiga BIOS na sassauta gudun fanka a lokacin da ba a aikin kirki, domin kwamfutar da ke kusa da kunne ƙararta tana damu fiye da wadda ke ƙarƙashin tebur. Gurbin katin yana nan babu komai, wutar da na saya kuma tana da sauran ƙarfin ɗaukar matsakaicin kati idan aikina ya ƙaru, muddin tsawonsa bai wuce lambar da akwatin ya yarda da ita ba.