Injin iskar da na kafa wa Kawu a Badagry

Har yau idan na bi ta bayan shagon Kawu na ga falwayar injin iskar nan a tsaye, sai gabana ya faɗi. Ni na kafa ta da hannuna a watan Agustan 2023, ni ne kuma na ba shi ƙwarin gwiwar sayar da janaretansa.

Ni mutumin Rimi ne ta jihar Katsina. A idona aka tayar da injinan iska 37 na Lambar Rimi, waɗanda aka tsara za su ba da megawat 10, kuma kallonsu ne ya sa na shiga koyon aikin wuta. Ban samu gurbi a can ba, sai na gangaro Legas na kama haɗa sola. Amma zuciyata tana kan iska. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, Kawu ya kira ni yana kukan cewa man firizoji biyu yana cinye ribar kifinsa, sai na ji kamar ranata ce ta zo.

Na je, muka tsallaka ruwa zuwa bakin teku da la'asar. Iska tana kaɗawa har sai da na dafe hulata. Na ce, "Kawu, wannan ai wuta ce Allah Yake ba ku kyauta kuna kallo." Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗan nan, iskar damina ce fa. Ka bari hunturu ya shigo tukuna." Na ce masa bakin teku ba ya rabuwa da iska. Da fuskata na auna ta, rana ɗaya tak, a wurin da ba nan zan kafa injin ba. Ma'aunin iska kuwa yana nan a kasuwar Alaba ta Legas, kuɗinsa bai kai na batir guda ba, na wuce shi ban ko taya ba.

Kafawar ba ta ba ni wahala ba. Wata biyu injin yana juyi, batura cike, maƙwabta suna zuwa kallo.

Abin da na sani a takarda amma zumuɗi ya rufe mini ido shi ne, wutar injin iska ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun iskar. Idan gudun ya ninka biyu, wutar takan ninka takwas, haka ma wajen raguwa. Kilowat 2 da aka rubuta a jikin kwalin injin, sai iska ta kai mita 12 a daƙiƙa ake samunsa. In ta sauko mita 4, kashi ɗaya cikin 27 ke nan, bai kai wat 80 ba. Ƙasa da mita 3 kuwa, ko da fukafukan sun motsa, babu abin da yake shiga batir. Ga kuma wurin da na zaɓa: falwaya mai tsawon mita shida a tsakiyar bishiyoyin kwakwa da rufin kwano, alhali ƙa'ida ita ce injin ya ɗara duk abin da ke kewaye da shi da kusan mita tara. Iskar da ke isowa gare shi a hargitse take, sai ka ga wutsiyarsa tana waige-waige kamar wanda ya ɓata a kasuwa.

Daga Nuwamba batura suka fara kasawa. Maimakon in faɗa wa Kawu gaskiya, sai na ɗora laifin kan inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, na canza ta. A Fabrairun 2024, lokacin zafin nan mai gumi da ya hana mutanen kudu barci, na tafi aiki Ikorodu na kwana uku. Da asubar na huɗu ya kira ni, ya ce kawai, "Ka zo." Tun daga bakin layi wari ya tare ni. Mun buɗe firizar farko, ruwa ja ya taru a ƙasanta, cikin kifin ya kumbura, idanunsu sun yi fari, jatan landen da aka jera a sama ya narke ya manne da leda. Yaran shago suka kwashe a baro suka kai rami. Kawu bai zage ni ba. Ya zauna kan benci yana jan carbi, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

A ranar ne na gane nauyin abin da na zubar. Wani dattijon masunci, ɗan ƙabilar Egun da Kawu ya daɗe yana saye a hannunsa, ya tsaya yana kallon baron ya ce wannan kamun dare huɗu ne, da man injin kwalekwale na bashi. Ya ce a zamanin ƙuruciyarsa ba sa nisa da gaɓa suke cika jirgi, yanzu sai sun nausa. Kawu ya gyaɗa kai, don shi ma a Doron Baga ya fara sana'ar banda, ya kuma ga yadda Tabkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ya bar jirage a kan yashi.

Daga baya na bi diddigin maganar dattijon. Tsakanin Yuli da Satumba ruwan sanyi yakan taso daga ƙasan teku a gaɓar Kwaddebuwa da Ghana, ya zo da abincin ƙananan halittun da ido ba ya gani. Su ne cimar ƙananan kifaye irin su shawa, su kuma su ne cimar manyan kifaye da tsuntsayen ruwa da mu mutane. Idan saman teku ya ɗumama, ruwan ƙasa da na sama ba sa gauraya yadda ya kamata, ruwan ɗumi kuma bai riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi, sai kifi ya yi ƙasa ko ya ƙaura. Ba zafi kaɗai ba ne. Akwai manyan jiragen da ke sharar teku da taru, akwai masu haƙar yashi, akwai sare kurmin bakin ruwa inda 'ya'yan kifi da jatan lande ke girma cikin saiwoyi, ga kainuwar nan mai shunayyen fure da ta shigo ta Badagry a 1984 tana toshe hanyoyin ruwa. Kifin da ya tsallake duk wannan ya iso firizarmu, shi na bari ya ruɓe saboda ban sayi ma'auni ba.

Samari kan tambaye ni hanyar samun aikin injin iska. Aikin yana nan a duniya: hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, IRENA, ta ƙiyasta mutum miliyan 1.4 a fannin a 2022, kusan rabinsu a ƙasar Sin. A Afirka akwai tashar Tabkin Turkana ta Kenya mai megawat 310 da ta Taiba N'Diaye a Senegal mai kusan 158. A Legas dai guraben kaɗan ne ƙwarai, kada wani ya karɓe muku kuɗi da alkawarin aiki. Ku ƙware a aikin wuta da batir da sola, su ne ke ciyar da mutum a nan. Mai son fita waje zai buƙaci takardar GWO, ƙungiyar da ke tsara horon ma'aikatan injin iska a duniya, ta aiki a sama da agajin gaggawa, wadda ake sabuntawa duk shekara biyu. Kafin duk wannan kuwa, ku auna iska shekara guda cur, a daidai wurin, a daidai tsayin, damina da rani. In aiki na bakin teku ne, ku sa kusoshin da ba sa tsatsa, don nawa gishiri ya cinye su kafin wata bakwai.

Yanzu faifan sola takwas ne a rufin Kawu, da ƙaramin janareta na ko-ta-kwana da na saya masa. Kuɗin kifin ina biya wata-wata, duk da ya ce ya yafe. Na sauke injin, na ɗaura ma'aunin iska a kan falwayar, ƙaramin ɗansa yana rubuta mini lambobin safe da yamma a littafin makaranta. Jiya ya turo mini hoton shafin: mita 2.8 da safe, 4.1 da yamma.