Abin da Raba Giyabos da Inji Ya Koya Mini

Motar da mahaifinmu ya bar mana tsohuwar Peugeot 504 ce, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kakuri da ke Kaduna tun daga 1975. Da kulocinta ya fara sulɓi, har ta kai injin yana ta ruri a hawan gadar Kawo amma motar ba ta ƙara gudu, sai ni da ƙanena muka ƙudurta canza farantin kulocin da hannunmu a ƙofar gida. Farantin yana tsakanin inji da giyabos ne, saboda haka babu hanyar isa gare shi sai an raba su.

Aikin farko bai ba mu wahala ba. Mun cire kan batir, mun tsiyaye man giya, mun kwance kik da sandunan giya da wayar fitilar ribas, sannan muka ja farfela baya, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya. Motar kuwa a kan kututturan itace masu kauri muka ɗora ta, domin ba a shiga ƙarƙashin mota bisa amanar jak kaɗai, kuma bulon siminti yakan farfashe ba tare da gargaɗi ba.

Bayan mun kwance duk notunan da idonmu ya gani, giyabos ɗin ya ƙi motsi. A nan ne na yi kuskuren da har yau nake jin zafinsa, domin na cusa babbar sukudireba a bakin haɗin na danna da ƙarfi, sai ga wani ɗan ɓangare na alminiyam ya ɓalle ya faɗo mini a ƙirji. Na tafi Panteka na ɗauko wani dattijon bakanike da ya daɗe yana duba motar tun mahaifinmu yana raye. Bai karɓi sifanar da na miƙa masa ba. Kwanciya ya yi a kan tabarma, ya zura hannu ta saman haɗin, can kusa da jikin mota inda tocila ba ta haskawa, yana lalube da yatsu cikin daskararren baƙin mai, har ya taɓo kan noti guda da muka tsallake. Ya ce mini, ɗana, ƙarfe ba ya gardama haka kawai, in ya ƙi fita to akwai abin da ke riƙe da shi.

Ko da notin ya fita, sai da muka jiƙa ƙananan turakun da ke daidaita zaman giyabos a jikin inji da kananzir, saboda tsatsa ta kama su. Daga nan dattijon ya sa muka tokare injin, muka tallafe giyabos da jak da guntun katako, muka riƙa girgiza shi a hankali muna ja a miƙe. Dalilin da ya ba mu shi ne abin da ya fi zauna mini: sandar da ke fitowa daga giyabos tana da haƙora da suka shige cikin tsakiyar farantin, kuma bakinta yana zaune a cikin ƙaramin gurbi a bayan inji. Idan aka bar nauyin giyabos ya rataya a kanta ko na ɗan lokaci ne, farantin yakan lanƙwashe, wanda a wajen mayarwa yana nufin lalata sabon kayan da aka saya.

Wajen mayarwar ma ya hana ni jawo giyabos jikin inji da noti lokacin da tazarar kusan faɗin yatsa ta rage. Sai da muka sake daidaita farantin a tsakiya, muka sa giya muka ɗan juya sandar da ke bayan giyabos har haƙoran suka hau juna, sannan bakunan biyu suka haɗe da kansu gab da kiran sallar magariba. Gurbin da sukudirebata ta ɓalle yana nan, kuma nakan gan shi duk lokacin da na leƙa ƙarƙashin motar.