Godiya ga duk wanda ya sa hannu har wasan dara ya fito

Alhamdulillahi Rabbil alamina. Wasan dara na waya da na haɗa ya fito. Tun daren jiya yana kan Play Store, kowa na iya saukewa kyauta, ni kuwa har yanzu jikina bai gama yarda ba. Kun bi abin tun daga tushe, kun ga lokacin da nake ta roƙo a nan, kun ga ranar da na rubuta cewa wataƙila aikin ya tsaya ke nan, don haka ba sai na maimaita muku labari ba. Godiya na zo yi. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, ni kuma shi kaɗai nake da shi.

Zan fara da masu gwaji, domin su ne suka sha wahalar da ba a gani. Tun watan Nuwamba na 2023 Google ta kafa sharaɗi cewa duk wanda ya buɗe sabon asusun saka manhaja a Play Store na kansa, ba na kamfani ba, sai ya samo mutanen da za su gwada manhajarsa kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fitar da ita ga jama'a. Da farko mutum 20 ne, a ƙarshen 2024 aka rage zuwa 12. Mutum 12 a baki ba komai ba ne, amma duk wanda ya san yadda wayoyinmu suke ya san nauyin abin. Wannan wayarsa ta cika, wancan ya manta kalmar sirrin Gmail ɗinsa tun ranar da aka buɗe masa a shago, wani kuma ana tsakiyar gwaji buƙata ta taso ya sayar da wayar. Duk da haka aka samu waɗanda suka tsaya. Ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru da ke zuwa cire kuɗi a rumfar POS ɗina, mai shayin bakin layinmu a Badariya ta Birnin Kebbi, matar yayana wadda ta goge bidiyon biki guda don wasan ya samu wuri a wayarta, da wani bawan Allah daga Jega wanda har yau ban taɓa ganin fuskarsa ba. Shi ne yake turo mini saƙon murya kusan kowace asuba yana cewa, "Malam, yau ma ta daskare a wasa na uku." Wayarsa mai ram giga 2 ce, gilashinta a tsage. Ita ta nuna mana ciwon da wayoyinmu ba su nuna ba, kuma irin tata ce a hannun mafi yawan waɗanda muka yi wa wasan.

Wannan daskarewar ita ta haɗa ni da ɗalibin jami'ar Aliero da kuka ga ina ta ambato. Ni iyakar sanina shi ne in sa waya ta duba duk motsin da za ta iya yi, ta duba duk amsar da abokin wasa zai iya bayarwa, ta sake duba tata amsar, ta ci gaba a haka har ta zaɓi wanda ya fi. A fage mai gida 30, kowa da 'ya'ya 12, lissafin nan yana ninkuwa ne da kowane taki, ƙaramar waya kuwa sai ta tsaya cak tana zafi. Ya ga hoton kod ɗin da na saka, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, ya nemi lambata, ya kira ni bayan Isha'i. Ya koya mini dabarar da masu wasannin allo suka daɗe da sani, wato da zarar ka gano wata hanya ta fi wadda ka riga ka samu muni, ka bar bin ta har ƙarshe, ka yanke reshen nan take. Sannan ya sa muka raba wasan mataki uku, mai sauƙi ya hangi taki biyu kawai, mai wuya ya hangi nesa. Shi ne kuma ya zaunar da ni ya buɗe mini GitHub, ma'ajiyar kod ta intanet, ya koya mini tura aiki can duk dare. Bai taɓa cewa a sa sunansa ba, na sa shi a cikin wasan ko yana so ko ba ya so. Ƙanena, Allah ya ba ka sa'ar jarabawar ƙarshe, ya haɗa ka da aikin da zai san darajarka.

Yanzu bari in zo kan daren da nake son tsayawa a kai, domin na rubuta muku shi a layi biyu ne kawai a lokacin, hannuna na rawa.

Muna tsakiyar kwanakin gwaji, gyaran daskarewar ya kusa kammala, aka kawo wuta da ƙarfi bayan Magariba. Na ji ƙara ɗan siriri daga caja, sai warin ƙonannen roba. Kwamfutar ta ɗauke. Na danna, na sake dannawa, na cire batir na mayar, shiru. Kod yana GitHub, wannan ban ji tsoronsa ba. Amma makullin sa hannu yana cikinta, wato ɗan fayil ɗin da ake hatimce manhaja da shi kafin a tura sabon gyara, kuma shi ba a ajiye shi inda idon jama'a zai kai. Ana iya neman a sauya shi, sai dai a jira kwanaki, masu gwaji kuwa sun riga sun fara gajiya da wasan da ke tsaya musu. Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali shi ne muryar Baba. Kun san dattijon majalisar ƙofar gidanmu da ya koya mini ƙa'idojin dara, wanda Allah ya yi wa rasuwa da daminar nan. Doguwar hirar da na naɗa da shi, inda yake bayanin yadda ake kafa doki, a riƙa kai ɗa ɗaya ana dawo da shi ana ci kowane taki, yana dariya yana buga ƙafa, duk tana cikin kwamfutar nan. Ta yi nauyin da datata ba ta iya ɗorawa a intanet.

Na naɗe ta a ɗankwalin Inna na hau kabu-kabu zuwa wajen mai gyaran waya na kusa da babbar kasuwa. Ya ce kada in ambace shi. To ban faɗi suna ba, Yaya, amma duk Birnin Kebbi wanda ya taɓa kai maka waya zai gane ka, kuma ka yi haƙuri. Na tarar ya riga ya ja ƙofa rabi, ya kashe inji, yana ɗaure jakarsa a bayan babur. Ya dubi fuskata, bai tambaye ni komai ba, ya kwance jakar ya tura ƙofar. Ya riƙe tocilan a baki, ya kwance sukurori ɗaya bayan ɗaya yana jera su a murfin gwangwanin madara don kada su ɓace. Ya ɗora mita a kan fanel, ya yi shiru, ya girgiza kai. Nan ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a kan benci. Sai ya cire tocilan daga baki ya ce, "Ƙanena, fanel kam ya tafi. Amma ba nan kayanka suke ba. Tsaya tukuna." Ya zaro rumbun ajiyar, ɗan abu da bai kai tafin hannu ba, ya sa shi a wani gida mai igiya, ya jona a tasa kwamfutar. Na ji yana karanta Bismillah a hankali. Da fayilolin suka bayyana ban nemi makullin ba, muryar Baba na fara nema. Ya danna, sai ga tsohon nan yana cewa, "A'a, wanga yaro, huɗu ba ta ci, ukku ta ka ci." Na yi kuka a shagon mutane, shi kuma ya juya baya yana ta goge teburin da ba shi da datti har na gama.

Na ciro abin da ke aljihuna, ya ture hannuna. Bai tsaya nan ba, ya ce in tafi da kwamfutarsa in riƙa aiki da dare, in dawo masa da ita kafin ya buɗe shago, tunda da ita yake yi wa wayoyin mutane aiki. Haka muka yi har aka gama gwaji. Mutumin nan ba danginmu ba ne, ba ya buga dara, bai ma san me ake nufi da injin haɗa wasa ba. Ya Allah, kai ka ga abin da ya yi a cikin duhun nan. Ka buɗa masa ƙofofin arzikin da bai taɓa zato ba, ka shirya masa zuri'a, ka kai shi Makka da Madina shi da mahaifiyarsa, ka sa hannun nan nasa ya zama shaida a gare shi ranar da babu inuwa sai taka.

Sai 'yar'uwarmu ta Zuru mai zane. A wani zauren WhatsApp na masu zane na saka hoton wasan lokacin yana murabba'ai da da'irori kawai, abin ba kyan gani, na ce ga abin da nake yi, ina neman mai hannu. Ita kaɗai ta amsa. Ta ce a ƙasarsu ta Dakarkari dara ba baƙuwa ba ce, kakanta ma gwani ne. Da Krita ta zana komai, manhajar zane ce ta kyauta, ta yi fagen kamar ramukan da ake tonawa a ƙasa ƙarƙashin darbejiya, ɓangare ɗaya tsinke ɗaya kuma tsakuwa. Ita ta lura cewa salon rubutun da na zaɓa ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, akwatuna yake fitarwa a wurinsu, ta sauya mana da Noto Sans. Ina kuma gode wa mahaifinta, wanda ya kira ni da kansa ya ji ko ni wane ne da abin da nake nufi, sannan ya ba ta izini ya sa mana albarka. Baba, mun riƙe amana, Allah ya ƙara girma.

Mutane da yawa sun tambaye ni da me aka yi wasan. Da Godot ne, wani injin haɗa wasa. Wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka ƙirƙire shi, suka sake shi kyauta ga duniya a 2014. Ba a biyan ko sisi, saukewarsa ba ta cin data sosai, yana tafiya a tsohuwar kwamfuta, harshensa GDScript kuma ya yi kama da Python, mai koyo ba ya shan wuyar karanta shi. Su ma ina gode musu, da dubban da ke gyara shi ba tare da sun san akwai wani mai POS a Kebbi da ke cin moriyarsu ba. A ganina duk mai farawa a irin yanayinmu nan ya kamata ya fara, kuma ya ɗauki ƙaramin wasan da zai iya gamawa, ya nuna shi tun yana da muni. Duk mutanen da na lissafa a sama, babu wanda ya zo lokacin da nake cewa ina da shiri a kai. Sun zo ne da suka ga abu yana motsi a waya, ko da rabi ne.

Inna, ke kuma me zan ce? Dala 25 da ake biya sau ɗaya don buɗe asusun Play Store, daga kwasar adashenki ta fito. Ba ki tambaye ni yaushe za ta dawo ba. Cewa kika yi, "In dai ba saɓon Allah ba ne, je ka yi." Ke ce kike tashina sallar asuba in na kifa kai a kan tebur, ke ce kike ajiye mini kunu a rufe. Allah ya ba ni ikon yi miki abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba, ya ƙara miki lafiya, ya jiƙan Baffa ya sa Aljanna ce makomarsa. Abokina da ya ara mini katin biyan dala, da maƙwabcin da ya bar ni ina cajin waya a solarsa, Allah ya saka muku da alheri.

Akwai 'yan'uwa na jini da na tura wa saƙo tun ranar farko, masu manyan wayoyi da data wadatacciya, abin da na roƙa kawai su danna su bar wasan a wayar. Na ga alamar an karanta. Wani ya ce mini a wajen suna wai har yanzu wasan yara nake yi da gemuna. Ban riƙe kowa ba, wallahi, kowa da uzurinsa. Sai dai ya yi mini ciwo a lokacin, musamman da na ga baƙo daga Jega yana tashi da asuba saboda ni. Wasan yana nan, ku ma naku ne, ku sauke wa yaranku.

Allah ya jiƙan Baba mai dara, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa kurakuransa. Iyalansa sun amince muryarsa ta zauna a cikin wasan, ita ce za ku ji idan kuka jera uku. Sauran dattawan majalisa da suka yi ta gardama a kan ƙa'idoji har muka tsayar da guda, tunda kusan kowane gari da yadda yake bugawa, Allah ya ja kwana. Duk wanda ya yi addu'a, duk wanda ya tura wa wani, duk wanda ya rubuto "kar ka karaya" a daren nan, Allah ya yaye muku damuwarku kamar yadda kuka tsaya a tawa, ya ba jiharmu da maƙwabtanmu na Zamfara da Sakkwato zaman lafiya, ya kawo ƙarshen abin da ke hana mutane barci a ƙauyukanmu. Amin summa amin.

Saƙonni sun taru, ban iya amsa su yanzu ba, ku yi mini uzuri, barci nake bin bashi. Matasan da suka ce suna son koyo, mu haɗu ranar Asabar bayan La'asar a rumfata. Wanda ke da kwamfuta ya zo da ita, wanda ba shi da ita ya zo da wayarsa, domin Godot yana da nau'in da ke aiki a Android. Muna kuma neman wanda ya iya haɗa sauti da mai jin Zabarmanci ko Dakarci, saboda gyara na gaba muna son wasan ya yi magana da harsunan nan.